Dihe ko Sifirulina: Noman Gansakukar Ruwan Kanwa da Amfaninsa ga Muhalli

A ƙasar Hausa ba a lissafa gansakuka cikin cimaka. Abin da aka sani shi ne koren nan mai santsi da ke rufe tabkin da ruwansa ya daɗe a kwance, ko ya manne a gindin randa, kuma duk inda aka gan shi alama ce ta cewa ruwan ya soma lalacewa. Sai dai a cikin dubban ire-iren gansakuka da ke duniya akwai ƴan kaɗan da mutane ke ci, har ma suke noma su kamar yadda ake noman kayan garka. Wadda ta fi kusa da mu ita ce sifirulina, wadda Kanembu na ƙasar Cadi ke busarwa su kai kasuwa da sunan dihe. Wannan shafi zai yi bayanin irin sauƙin da nomanta ke kawo wa ƙasar noma da ruwa, da kuma inda amfanin nata ya tsaya, domin ƙungiyoyin manoma da na mata masu niyyar shiga harkar su san abin da za su tarar.

Mece ce sifirulina?

Ƙaramar halitta ce da ido ba ya iya ware ɗaya daga cikin ƴan uwanta. In aka duba ta da madubin likita za a ga wani siririn zare kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, a murɗe kamar igiyar da aka naɗe a jikin kara, wanda tsawonsa bai cika wuce rabin milimita ba. Masana na kiran ta Arthrospira platensis, kuma a wajensu ba tsiro ba ce: tana cikin dangin ƙwayoyin bakteriya masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda ganyen itace ke yi. Ba ta da saiwa, ba ta fure, balle ta yi iri. Zaren ne ke yin tsawo ya karye gida-gida, kowane guntu ya ci gaba da girma, ta yadda in yanayi ya yi mata daɗi takan ninka yawanta cikin ƴan kwanaki.

Abu biyu take so, zafi da kanwa. Ta fi yaɗuwa in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 30 zuwa 37, girmanta yakan ja baya ƙwarai in ya sauka ƙasa da digiri 20, tana kuma iya mutuwa in ya daɗe sama da digiri 40. A ma'aunin tsami da kanwa da masana ke kira pH, ruwan sha yana wajen 7, ita kuwa ta fi jin daɗin ruwan da ya kai 9 zuwa 11. Irin wannan ruwa ba ya shayuwa, ba a ban-ruwa da shi, galibin halittun ruwa ma ba sa iya zama a cikinsa, shi ya sa takan mamaye tabki ita kaɗai. Haka abin yake a tabkunan kanwa na Gabashin Afirka, irin su Nakuru da Bogoriya a ƙasar Kenya, inda take ciyar da ɗimbin tsuntsayen nan masu dogon wuya da ake kira filamingo.

In aka busar da ita, kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na nauyinta sinadarin gina jiki ne, wato furotin. Busasshen wake yana da kimanin kashi 24, gero kuwa kimanin kashi 11. Tana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Masu talla kan ƙara da cewa tana da bitamin B12, amma galibin wanda ke cikinta wani iri ne da jikin mutum ba ya amfana da shi.

Dihen Kanem

Arewa maso gabas da tabkin Cadi, a yankunan Kanem da Lak, ƙasa ce ta tuddan rairayi. Tsakanin tudu da tudu akwai kwaruruka da ruwan ƙasa da na sama ke taruwa, rana ta yi ta shanye shi har kanwa ta yi masa yawa. A waɗannan ƙananan tabkuna, ba a cikin babban tabkin ba, sifirulina ke fitowa da kanta. Babu mai shuka ta, babu mai zuba mata taki. Da safe takan taso saman ruwa ta yi kauri kamar kunu, iska ta kora ta gefe guda.

Aikin kwasarta na mata ne. A al'adar wurin ba a yarda namiji ya shiga ruwan ba, don an ɗauka cewa shigarsa tana sa tabkin ya daina bayarwa. Matan kan shiga da kwanoni da tuluna su yaɗe koren da ke sama, su kai shi kan tudu inda suka fafe rairayi kamar faifai, su zuba. Ruwan sai ya tsiyaye cikin rairayin ya bar dunƙule mai taushi, a tsattsaga shi gida-gida, rana ta ƙarasa busar da shi. Wannan shi ne dihe. A gida akan jiƙa shi, a tace yashin da ke jikinsa, a haɗa da albasa da barkono da mai, wani lokaci da kuɓewa ko busasshen kifi, a yi miyar da ake ci da tuwon gero.

Turawa sun daɗe ba su san da shi ba. A 1940 wani masani Bafaranshe mai suna Pierre Dangeard ya yi bayanin dihe, amma maganar ba ta yi nisa ba. Sai da masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yanzu, a wata tafiyar ratsa Sahara da aka yi a 1964 zuwa 1965, sannan aka auna shi aka ga yawan furotin da ke cikinsa. Daga nan ne binciken ya bazu, har aka kai ga kafa manyan gonakin sifirulina a Meksiko da Amurka da Tailan da Indiya da Sin, wadda a yau ta fi kowace ƙasa samar da ita.

Wani bincike da masana daga Italiya suka wallafa a 2000 ya ƙiyasta cewa tabki ɗaya kawai, na Kosorom, yana ba da kimanin tan 40 na dihe a shekara, wanda kuɗinsa a kasuwannin yankin ya haura dalar Amurka 100,000. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta abin da yankin baki ɗaya ke samarwa da kimanin tan 250 a shekara. Hukumar ta kuma gudanar da wani shiri da kuɗin Tarayyar Turai, wanda ta ba da labarinsa a 2010, inda aka koya wa matan tace dihe da rariya da ƙyalle, da shanya shi nesa da ƙasa, domin babban aibin dihen gargajiya shi ne yashi da ƙazantar da yake kwasowa a wurin shanya.

Ta fuskar muhalli, babu wata gonar sifirulina a duniya da ta kai dihen Kanem sauƙin nauyi. Ba a sare itace ko ɗaya dominsa ba, ba a ƙona mai ko gawayi, ba a sayo taki daga waje, ba a taɓa ruwan rijiya. Abin da yake bukata shi ne tabkin ya ci gaba da wanzuwa, kuma nan ne haɗarin yake, domin waɗannan tabkuna suna raye ne da ruwan ƙasa da na damina, rairayi kuma yana iya binne su in aka kwashe ciyawa da itatuwan da ke riƙe tuddan da ke kewaye. An taɓa ganin yadda irin wannan abinci ke ɓacewa. Mutanen Aztek na Meksiko suna kwasar sifirulina daga tabkin Teskoko suna sayarwa a kasuwa, kamar yadda Sifaniyawan da suka ci ƙasar da yaƙi a 1521 suka rubuta. Da aka yi ta janye ruwan tabkin domin faɗaɗa birnin Meksiko, sai sana'ar ta bi ruwa. Saboda haka a wurin da sifirulina ke fitowa da kanta, kafe tudun rairayi da hana shi tafiya shi ne aikin farko, tun kafin a yi zancen gina wani abu.

Yadda ake nomanta

Inda babu tabkin da ke bayarwa da kansa, akan gina kududdufi na siminti, ko na bulo da aka shimfiɗa wa leda mai kauri. Zurfin ruwan ba ya wuce santimita 15 zuwa 30, domin hasken rana ya ratsa shi. Akan narka kanwa da gishiri a ciki, a ƙara ɗan takin zamani, sannan a zuba irin sifirulina mai rai da aka samo daga wata gonar. Dole a riƙa motsa ruwan sau da yawa a yini, da tsintsiya ko da ƙaramin injin, don kada wadda ke sama ta ƙone, wadda ke ƙasa kuma ta rasa haske. Da sassafe ake girbi: a tace ruwan da ƙyalle mai ƙananan idanu, ruwan ya koma kududdufi, a matse abin da ya rage, a fitar da shi sirara kamar taliya, a busar a inuwa mai iska. An yi irin waɗannan ƙananan gonaki a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, ciki har da Kudugu a Burkina Faso, da Dogon Dutsi da Bermo a nan Nijar.

Ƙasar noma

Babban amfanin sifirulina ga muhalli yana nan ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ƙaramar gona da ake kula da ita sosai takan ba da giram 5 zuwa 10 na busasshiyar sifirulina a kowane murabba'in mita a yini. Mu ɗauki giram 6, mu kuma ɗauka an yi girbi kwana 300 a shekara, an bar sauran kwanakin don sanyin hunturu da gyare-gyare. Kududdufi mai mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance zai ba da giram 600 a yini, wato kilo 180 a shekara, wanda a cikinsa akwai furotin fiye da kilo 100. Gonar gero a Nijar takan ba da kilo 400 zuwa 500 a hekta guda, wato abin da manoma ke kira eka, kuma furotin da ke cikin wannan hatsi kimanin kilo 50 ne. Ke nan filin da bai fi tsakar gida ba ya ba da furotin da sai an nome eka biyu na gero kafin a samu. Ko waken suya, wanda ya fi sauran amfanin gona furotin, a manyan gonakin duniya yana ba da kimanin tan guda ne a hekta, alhali hekta guda na kududdufai a kan wannan lissafi zai haura tan 10.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan kwatance da hankali. Ba don furotin kaɗai ake noman gero ba. Shi ne ke cika ciki ya ba da ƙarfin aiki, karansa ya yi danni da rufi, dusarsa ta ciyar da bisashe. Sifirulina kuwa cokali guda ake ci, giram 3 zuwa 10 a yini, kuma giram 10 ba su ba da ƙarfin da ya kai na lomar tuwo biyu ba. Ba za ta maye gurbin rumbu ba. Abin da take yi shi ne cike giɓin da tuwo ya bari, wanda a da nama da nono da kifi ke cikewa, waɗanda kuma suka yi wa talaka tsada.

Abin da ya fi yawan amfanin muhimmanci shi ne irin filin da take bukata. Kududdufi bai damu da ƙarfin ƙasa ba. Ana iya gina shi a kan fako, ko tsandauri, ko ƙasar da gishiri ya cinye, wuraren da ko ciyawa ba ta fitowa. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da miliyan 17, kuma yau sun haura miliyan 25, gonaki sun daɗe da cinye saura, sun shiga burtali da makiyaya, sun ma ƙetare iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata. A jahar Maraɗi da kudancin Damagaram gonar gado tana ta raguwa a hannun magada. Duk wata hanyar samar da abinci da ba ta neman a sake share daji, ba ta kuma haɗa manomi da makiyayi faɗa, ta cancanci a dube ta da idon basira.

Ruwa

A nan ake yawan zuzuta magana. Gaskiya ne sifirulina ba ta shan ruwa kamar shuka, tunda ruwan da aka tace yana komawa kududdufi. Amma rana tana sha. A yanayin Sahel buɗaɗɗen ruwa yakan rasa milimita 6 zuwa 10 a yini, wato lita 6 zuwa 10 a kowane murabba'in mita. Kududdufin da muka yi misali da shi zai bukaci lita 20,000 a cikawar farko, sannan a riƙa ƙara masa kimanin lita 800 kowace rana, wato tano huɗu masu lita 200. In aka raba, kilo guda na sifirulina ya ci lita 1,000 zuwa 1,600, kilo guda na furotin kuma ya ci kimanin lita 2,000 zuwa 2,500.

Wannan ba shi da yawa in aka gwada da sauran hanyoyin samun furotin. Ƙiyasin da aka fi ambata a duniya shi ne cewa kilo guda na naman shanu yana cin lita 15,000. Sai dai galibin wannan ruwan sama ne da ya sauka a kan ciyawa, kuma saniyar makiyayi a Tadres ko Azawak tana cin abin da mutum ba zai ci ba, a ƙasar da ba ta noma. Ruwan kududdufi kuwa daga rijiya ake jawo shi, rijiyar da wataƙila gari ke sha. Don haka a garin da mata ke kwana a bakin rijiya da bazara, tano huɗu a yini ba ƙaramin abu ba ne, kuma bai dace a soma aikin ba sai an zauna da masu kula da ruwan garin.

Inda sifirulina ta yi zarra shi ne wurin da ruwan yake da kanwa tun asali. Nijar tana da irin waɗannan wurare: kwarurukan Manga a yankunan Gure da Gudumariya da Maine-Sorowa, inda ake kwasar kanwa a tsakiyar kwari, dabino da garake suna kewaye, da kuma Dallol Boso a jahar Doso. Rijiyar da ruwanta ya yi kanwa har aka guje ta, wadda in an yi ban-ruwa da ita ƙasa ke yin fari ta mutu, tana iya zama daidai da bukatar sifirulina, muddin an auna ruwan an tabbatar babu gubar ƙarafa a cikinsa. Rufe kududdufi da rumfar leda yana rage abin da rana ke sha, yana tare ƙurar hunturu da ruwan sama mai tsinka kanwar, yana kuma riƙe ɗumi a daren Disamba da Janairu. Amma leda ba ta daɗewa a ranar ƙasarmu, kuma in ta yage aka yar, ta shiga sahun ledojin da ke kashe awaki da toshe magudanan ruwa.

Taki da maganin ƙwari

Wake da gyaɗa suna jawo sinadarin azot, wanda wasu ke kira naitirojin, daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Sifirulina ba ta iya wannan, sai an ba ta. Kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta azot ne, saboda haka kowane kilo yana cin giram 220 zuwa 300 na farin takin nan da ake kira uriya. Kududdufinmu zai ci kimanin buhu guda mai kilo 50 a shekara, tare da ɗan sinadarin fosfat da na ƙarfe. Kaɗan-kaɗan ake zubawa kullum, domin in uriya ta yi yawa lokaci guda takan juye ta zama guba ta kashe gonar cikin dare ɗaya.

Bambancin da ke tsakaninta da gona shi ne inda takin ke tafiya. A gona, wani kaso mai yawa na takin zamani yakan bi ruwan sama zuwa tabki, ko ya nutse cikin ƙasa ya gurɓata rijiyoyi. A kududdufin da ba ya yoyo, in ban da ɗan abin da ke tashi a iska, takin yana nan har sifirulina ta cinye shi. Kazalika ba a fesa mata maganin ƙwari ko na ciyawa, domin kanwar da ke cikin ruwan ta isa ta kori galibin abokan gāba, kuma duk abin da aka fesa zai ƙare ne a cikin abincin. Wanda ya san yawan maganin da ake zuba wa wake da tumatir da kabeji, da yadda ake sayar da shi a kasuwannin ƙauye babu takardar bayani, zai gane darajar wannan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wato tsohon ruwa. Bayan watanni ruwan kududdufi yakan gaji, gishiri da datti su taru, sai an zubar da wani kaso an sabunta. Wannan ruwa yana da kanwa da gishirin da za su iya kashe garka, su bar fako a inda a da babu. Ba a zuba shi a gona, ko gindin itace, ko kusa da rijiya. Abin da ya dace shi ne a tanadi wani rami marar zurfi da aka shimfiɗa wa leda, a bar rana ta shanye ruwan, a kwashe gishirin. Gonar da ba ta yi wannan tanadi ba tana iya ɓata ƙasa fiye da wadda ta ceta.

Zancen iskar kabon

Sau da yawa akan ji cewa noman gansakuka yana maganin ɗumamar yanayi, tunda kowane kilo guda da ta yi yana ɗauke kusan kilo 2 na iskar kabon. Lissafin daidai ne, amma ba ajiya ba ce. Ranar da aka ci sifirulina, kabon ɗin ya koma iska ta numfashi. Gawo ko bagaruwa da manomi ya bari a gonarsa suna riƙe kabon shekaru da dama a jikinsu da saiwarsu, kududdufi kuwa ba ya riƙe komai. Bugu da ƙari, yin uriya da siminti da leda duk yana cin makamashi, manyan kamfanoni kuma suna ƙona mai ko lantarki wajen motsa ruwa da busarwa. Ribar da ake samu ta wannan fuska tana zuwa ne a kaikaice, ta hanyar dajin da ba a share ba, kuma tana ƙaruwa in an yi amfani da kanwar gida maimakon hodar da ake sayowa daga waje, aka motsa ruwa da hannu ko da wutar rana, aka kuma busar da iska. Kanwar gida tana zuwa da ƙasa da baƙin datti, don haka sai an narka ta an bar ta ta kwanta, an tace, kafin a zuba.

Ciyawar teku

Sifirulina ƙaramin kaso ce a cikin gansakukar da duniya ke nomawa. Mafi yawa ciyawar teku ce, wadda alƙaluman FAO suka nuna an noma fiye da tan miliyan 35 nata a 2020, galibi a Sin da Indunusiya da Koriya ta Kudu da Filifin. Igiya ake miƙawa a cikin teku a ɗaura mata iri. Ba ta cin fili, ba ta shan ruwan daɗi, ba a ba ta taki, hasali ma tana tsotse takin da koguna suka kwaso daga gonaki da birane. A Afirka, matan Zanzibar sun soma nomanta a 1989, ko da yake ɗumamar ruwan gaɓa ta riƙa kashe musu irin da ya fi tsada. Nijar ba ta da teku, don haka wannan ba hanyarmu ba ce.

Kafin ƙungiya ta soma

Tambaya ta farko ita ce irin ruwa da ƙasar da ake da su. In ruwan rijiya mai daɗi ne, ƙasar kuma tana karɓar shuka, zogale ya fi sauƙi. Busasshen ganyensa yana da furotin kimanin kashi 25 cikin 100, an san shi, ana son sa, ba ya bukatar siminti ko awo, kuma masu garake a gulbin Maraɗi sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Sifirulina ta fi dacewa da inda kanwa ta hana komai fitowa, ko inda fili ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar harabar gidan likita ko makaranta.

Tambaya ta biyu ita ce wanda zai tsaya a kan aikin. Gonar sifirulina ba ta hutu. Tana son mai motsa ta kullum, mai auna ta, mai lura da canjin launi da wari, da kuma hanyar samun sabon iri in ta mutu. In an gina kududdufai da kuɗin taimako ba a tanadi kasuwar da za ta biya ma'aikaci da taki ba, ranar da taimakon ya ƙare siminti ne kawai zai rage. Yana da kyau a soma da murabba'in mita 10 ko 20, a ga yadda mutane za su karɓi ɗanɗanonta da warinta a cikin kunu ko miya, kafin a faɗaɗa. An fi so a barbaɗa ta bayan an sauke tukunya, domin dogon dahuwa yana rage mata amfani.

Game da lafiya, an yi gwaje-gwaje a kan yara masu tamowa, ciki har da wanda aka yi a Wagadugu inda aka haɗa ta da garin kunu na misola, aka kuma ga yaran sun ƙara nauyi. Duk da haka ƙari ce a kan abinci, ba magani ba ce. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, gidan likita za a kai shi ba tare da jinkiri ba.

Daga ƙarshe, kada wani ya ji wannan bayani ya je ya yaɗo koren da ke saman tabkin garinsu. Gansakukar ruwan daɗi ba sifirulina ba ce, kuma a cikinta akwai ire-iren da ke fitar da dafi mai lalata hanta, wanda ke kashe dabbobin da suka sha, tafasa kuma ba ta kashe dafin. Ido ba ya bambanta su. Ko a cikin kududdufi, in kanwa ta yi ƙaranci baƙin iri na iya shiga, shi ya sa ake bukatar a riƙa kai samfurin ruwan a duba shi da madubin likita lokaci-lokaci, a kuma karɓi iri daga gonar da aka sani kaɗai.